Yadda Na Zama Limamin 'Yan Kwana-kwana a Zariya

Limancin ma'aikatan kashe gobara ba ya cikin ayyukan da ake shirya ɗalibi dominsu a makarantar horar da firistoci. A can ana karantar da mu falsafa da ilimin tauhidi da dokokin Ikkilisiya, kuma kowa yana fitowa ne da tunanin cewa za a ba shi coci da jama'a da ƙauyukan da zai riƙa zagayawa a kan babur. Haka rayuwata ta kasance har zuwa lokacin da wasu 'yan kwana-kwana mabiya ɗarikar Katolika, waɗanda ke halartar cocin da nake hidima, suka zo mini da damuwarsu. Aikinsu na karɓa-karɓa ne, gobara kuma ba ruwanta da ranar Lahadi, saboda haka wani yakan daɗe bai samu halartar Mas ba, wato babbar ibadarmu ta Katolika, kuma idan tsautsayi ya faɗa wa ɗayansu a bakin aiki, babu firist ɗin da ya san cewa alhakin zuwa a wuyansa yake. Suka ce sojoji suna da nasu Fada, wato firist, a bariki, asibiti da jami'a da gidan yari ma duk akwai mai kula da su, su kaɗai aka manta.

A ɗarikarmu firist ba ya ɗora wa kansa aiki, komai kyawun aikin. Kundin dokokin Ikkilisiya na 1983 ya bayyana a doka ta 564 cewa ana iya danƙa wa firist kula da wani rukuni na musamman na masu bi, doka ta 565 kuma ta ce shugaban dayosis, wato yankin coci-cocin da ke ƙarƙashin Bishop, shi ne ke naɗa shi. Don haka na rubuta takarda zuwa ofishin Bishop. Dayosis ɗin Zariya ba tsoho ba ne, a shekarar 2000 aka cire shi daga na Kaduna, babban cocinsa kuma shi ne na Kristi Sarki da ke Sabon Gari, amma ƙasar da ya ƙunsa tana da faɗi, ga ƙauyukan Hausawa Kirista masu nisa da juna, har ya zamana kusan kowane firist yana riƙe da aiki fiye da ɗaya. Da Bishop ya kira ni, sai ya tambayi yawan 'yan Katolika a cikin ma'aikatan, ya tambayi wanda zai tsaya wa jama'ata idan aka kira ni ana shirin shiga Mas, sannan ya tambaya ko shugabannin ma'aikatan sun san da maganar. Na ce, "Ranka ya daɗe, sai da izininka zan je musu." Ya ba ni izinin, amma ya riƙe takardar naɗi, ya ce ba zai sa hannu ba sai ya ga amincewar hukuma a rubuce, domin ba ya son a ce coci ta cusa kanta cikin ma'aikatar gwamnati.

Kashe gobara a Nijeriya yana hannun gwamnati a matakai biyu. Akwai hukumar tarayya wadda dokar 1963 ta kafa, tana ƙarƙashin ma'aikatar harkokin cikin gida, jihohi kuma suna da nasu hukumomin. Takardata ta bi ofis-ofis kafin ta sauka a teburin shugaban tashar da mutanen nan ke aiki. Dattijo ne Musulmi wanda ya kusa ajiye aiki, ya karɓe ni hannu bibbiyu, sai dai bai ɓoye mini shakkarsa ba. Ya ce, "Fada, abin da nake tsoro shi ne in fita kashe wuta da mutum shida, in koma ina neman na bakwai a cikin hayaƙi." Daga nan ya gindaya sharuɗɗansa. Ba zan yi wa'azi a filin fareti ba, tunda mafi yawan ma'aikatan Musulmi ne. Ba zan yi magana da 'yan jarida a kan musabbabin wata gobara ba. A wurin aiki ba zan ƙetare inda jami'in da ke jagorantar fita ya tsayar da ni ba, kuma dole in bi horon da ake ba sababbin ma'aikata. Babu albashi, babu muƙami, babu kaki. Na amince, aka rubuta, Bishop ya sa hannu. Takardar naɗin ta lissafa abin da doka ta 566 ta ba ni iko a kai, wato sauraron ikirarin zunubi, da wa'azi ga waɗanda aka danƙa mini, da kai Jibin Ubangiji ga wanda ke bakin mutuwa, da shafa wa marar lafiya mai.

Horon shi ne ɓangaren da ya fi tsawo, kuma shi na fi amfana da shi. Bayan na gama Mas ɗin safe nakan tuɓe doguwar rigata, in sa wando da takalmin aiki, in isa tasha kafin a karɓi aiki daga waɗanda suka kwana. Abu na farko kullum shi ne duba mota: ruwan tanki, mai, batir, injin tura ruwa, tsani, igiya da gatari. Sai a shimfiɗa mesa a naɗe, a sake shimfiɗawa a sake naɗewa, har hannu ya iya ba tare da ido ba, domin da dare a cikin duhu ake yawan buƙatarta. Ranar da aka fara sako ruwa ina riƙe da bakin mesa, da ba don mutum biyu sun dafa bayana ba da ƙarfin ruwan ya kai ni ƙasa, alhali da fartanya na tashi a ƙauyenmu.

Malamin da ya koyar da mu tsohon ma'aikaci ne da ba ya sakin fuska, yana kirana Fada amma ba ya ɗaga mini ƙafa. A wurinsa na koyi cewa wuta tana rayuwa ne da abu uku, zafi da abin da za ta ci da iskar oksijin, kuma duk aikin kashe gobara bai wuce raba ta da ɗaya daga cikinsu ba. Ruwa yana ɗauke zafi, shi ya sa yake aiki a kan katako da katifa da tufafi da hatsi. Idan kuwa fetur ne ya kama, ruwa ƙara ɓarna yake yi, domin man yana tasowa saman ruwan, ruwan kuma ya kwashe shi da wutarsa ya kai inda ba ta isa ba. A nan sai kumfa ko hoda ko yashi. Idan lantarki ne, sai an fara yanke wutar gidan. Idan man suya ne ya kama a tukunya, murfi ake kifa masa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayaninsa a kan hayaƙi, wanda ya fi harshen wuta kashe mutane. A cikinsa akwai iskar kabon monoksaid wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma jinin ɗan Adam yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau sama da 200. Ita ce ke hallaka iyalin da suka kwana da janareta a cikin gida ko garwashi a rufaffen ɗaki, a wayi gari a iske su kamar masu barci.

A wannan horon ne na fahimci wata magana da na daɗe ina jin mutane suna faɗa, wai 'yan kwana-kwana sun zo babu ruwa. Tankin mota 'yan dubban lita yake ɗauka, mesa ɗaya kuma tana fitar da ɗaruruwan lita a minti guda, saboda haka ruwan yana iya ƙarewa cikin 'yan mintuna, kuma idan babu inda za a jona a kusa, dole mota ta juya ta je ta ɗebo. Mai shagon da ke kallon dukiyarsa tana ƙonewa ba ya cikin halin yin wannan lissafi, shi dai ya ga mota ta juya. Daga nan zagi yake farawa, wani lokaci har da jifa. Ƙari a kan haka, sau da yawa sai an gama gwada bokiti da ƙasa an kasa sannan wani ya tuna ya kira tasha ko lambar gaggawa ta 112, kuma lokacin da aka ɓata a nan ba ya shiga lissafin masu zargi. Ban ce ma'aikatan ba su da nasu laifin ba, mutane ne, amma zalunci ne a jefi wanda ya baro iyalinsa da tsakar dare ya zo ya tsaya a gaban wutar da ba shi ya kunna ba.

An koya mana taimakon gaggawa ma, kuma abin da na fi amfani da shi yau shi ne na ƙuna: a sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, a cire zobe da agogo kafin kumburi, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a nufi asibiti. Ɗanyen ƙwai da man goge baki da manja da ake shafawa a unguwanni ba magani ba ne, wahala kawai suke ƙara wa likita da majinyaci.

Duk wanda ya ji labarin aikin nan a cikin 'yan'uwana firistoci, sunan da yake fara ambata shi ne na Fada Mychal Judge, ɗan ƙungiyar Faransiskan wanda ya zama limamin ma'aikatan kashe gobara na birnin New York a Amurka a 1992. Ranar 11 ga Satumba, 2001, ya bi su zuwa dogayen benayen da aka kai wa hari, ya rasu a can yana da shekara 68, kuma shi aka rubuta a matsayin mamaci na farko a rajistar waɗanda suka mutu. Ma'aikatan hukumar 343 ne suka rasu a wannan rana. Wasu kuma sukan kawo Fada Jean-Marc Fournier na birnin Paris, wanda ya shiga babban cocin Notre-Dame tare da ma'aikata ranar 15 ga Afrilu, 2019, lokacin da yake cin wuta, domin fitar da kayayyaki masu tsarki. Ina girmama su duka biyun. Sai dai a ganina mutane suna riƙe ranar ƙarshe ta Fada Judge su manta da shekaru tara da suka gabace ta, waɗanda ya kwashe yana zirga-zirga tsakanin tashoshi da asibitoci da gidajen ma'aikata da wuraren jana'iza. Waɗannan shekarun su ne ainihin aikin, kuma su ne abin da firist irina zai iya koyi da shi.

Fitata ta farko da dare ta zo ne a tsakiyar hunturu, lokacin da gobara ta fi yawa a ƙasarmu, saboda komai ya bushe, ga iska, ga masu shiga ɗaki da kaskon wuta, ga masu barin hita a cikin bokiti bayan an ɗauke lantarki su manta har a dawo da shi. Gidan yana cikin birni, can ƙuryar wani lungu, saboda haka mota ta tsaya a bakin titi aka yi ta haɗa mesa da mesa har ta kai. Jami'in ya nuna mini gindin wani zaure ya ce in tsaya nan. Daga wurin ina jin ƙarar kwanon rufi yana lanƙwashewa, tartsatsi yana tashi yana sauka a kan katangar maƙwabta. Sai ga wata mata ta ratso taro tana kiran sunan ɗanta, tana neman komawa ciki. Matar aure ce, ba zai yiwu in riƙe ta ba, don haka na roƙi wasu dattijai mata biyu suka kama ta suka zaunar. Na nemi mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka mini da maigidan, mu ƙirga mutanen gidan nan ɗaki-ɗaki." Muka ƙirga, kowa ya fito sai yaron nan. Na sanar da jami'in nan take, ya umarci mutum biyu su goya tukunyar iskar shaƙa su shirya shiga, mai unguwa kuma ya watsa samari gidajen maƙwabta. Kafin su gama ɗaure fuska aka fito da yaron daga wani gida na baya, inda wata maƙwabciya ta kai shi tun farkon ihu. Jami'in ya dakatar da mutanensa, domin rufin ɗakin da za su shiga ya riga ya fara sauka.

Tun daga daren nan ƙirga mutanen gida ya zama aikina a duk inda muka je, tare da janye masu kallo daga kan mesa da zama kusa da wanda ya yi asara. Jami'i ba shi da lokacin waɗannan abubuwa, kuma mutane sun fi saurin buɗe baki ga wanda ba ya sanye da kaki.

Mutane da yawa ba su san cewa ceto daga rijiya da kududdufi da haɗarin mota yana cikin aikin 'yan kwana-kwana ba. Wata rana da damina aka kira su wata unguwa inda yaro ya faɗa rijiya. Saurayin da aka zura da igiya sabon ma'aikaci ne, kuma gawa ya fito da ita. Ya yi aikinsa daidai, ya miƙa yaron, ya naɗe igiya, amma da muka koma tasha ya zauna bayan mota bai taɓa abinci ba. Na ja benci na zauna kusa da shi ban ce komai ba, har ya gaji ya faɗa mini cewa yaron sa'an ƙanensa ne, kuma duk lokacin da ya rufe ido yana jin sanyin jikinsa a hannunsa. Musulmi ne. Na saurare shi har ya gama, sannan na tambaye shi ko zai so ya yi magana da liman, ya ce yana so.

Wannan ne ya kai ni wurin malamin da ke jan salla a masallacin da ma'aikatan ke zuwa. Na je da kaina bayan la'asar na ce, "Allah gafarta Malam, na zo ne mu san juna, domin mutanenka da nawa mota ɗaya suke shiga." Muka tsara abin da har yau muke bi. Idan wanda ya jikkata Musulmi ne, ba na yi masa addu'ar ɗarikata, ina neman Musulmi a kusa ya laƙƙana masa kalmar shahada idan ya kai ga haka, in kuma kira Malam. Idan Kirista ne na wata ɗarika, ina riƙe hannunsa in kira fastonsa. Idan ɗan Katolika ne, sai in buɗe 'yar jakata, wadda ke ɗauke da ƙyallen wuya mai launin shunayya, da man marasa lafiya da Bishop ke tsarkakewa kowace shekara gab da bikin Ista, da safar hannu da tocila da littafin lambobin waya. A gari irin Zariya, inda kowa ya san abin da rikicin addini ya taɓa jawowa a jihar nan, mutumin da ke kwance cikin ciwo bai kamata ya ji tsoron cewa wani zai yi amfani da rauninsa ba. Na tabbata wannan iyakar ce ta sa Musulmin tashar suka saki jiki da ni.

Riƙon asiri shi ne gwaji na gaba. Aikin nan yana cin mutum ta ciki, wani ya kasa barci, wani ya riƙa faɗa da matarsa, wani ya koma ga giya ko ƙwaya. Da suka fara kawo mini irin waɗannan matsaloli, wani babban jami'i ya kira ni gefe ya tambaye ni abin da wani ma'aikaci ya gaya mini. Niyyarsa mai kyau ce, yana tsoron ya ba mutumin tuƙi ne. Na ce masa, "Oga, abin da aka faɗa mini a ikirari, doka ta 983 ta hana ni fitar da shi ko da za a yanka ni, wanda aka faɗa mini a hira kuma amana ce. Amma idan ka ga alamar da ta dame ka da idonka, kana da ikon sauya masa aiki." Bai ji daɗi ba a lokacin, sai dai bai sake tambaya ba. Ni kuma na ci gaba da bin mutumin har ya yarda ya ga likita. Addu'a tana da wurinta, amma wanda ya daɗe ba ya barci yana buƙatar masana, kuma muna da su a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna.

Sauran aikin ba shi da wani armashi a labari. Ziyarar wanda ya ƙone ne a asibiti, da rakiyar jami'i zuwa gidan ma'aikacin da ya ji rauni domin kada matarsa ta fara jin labari a bakin 'yan unguwa, da bin takardun haƙƙi, da halartar suna da biki da ta'aziyya. Mas nake yi wa 'yan Katolika a wani ƙaramin ɗaki a tsakiyar mako, kuma mun yi yarjejeniya cewa idan ƙararrawa ta buga kowa ya tashi ya tafi, ni zan ƙarasa.

Ranar 4 ga Mayu ita ce babbar ranarmu. A kalandar Ikkilisiya ranar tunawa da Waliyyi Florian ce, hafsan sojan Rum da aka jefa a kogin Enns, a ƙasar Ostiriya ta yau, wajen shekarar 304 saboda ya ƙi barin bangaskiyarsa, kuma shi ma'aikatan kashe gobara Kirista suka ɗauka a matsayin waliyyinsu. Ita ce kuma ranar ma'aikatan kashe gobara ta duniya, wadda aka fara kiyayewa a 1999 bayan wutar daji ta kashe ma'aikata biyar a Linton ta ƙasar Ostareliya a watan Disambar 1998. A tasharmu, bayan fareti, Malam yana yin addu'a, ni ma in yi, sannan Kirista su wuce ɗakin Mas inda nake karanta musu Ishaya 43:2, wurin da Ubangiji ya yi alkawarin kasancewa tare da bawansa a cikin ruwa da cikin wuta.

A ƙarshen kowace shekara ina rubuta wa Bishop rahoto, ba tare da sunan kowa ba. A rahoton da ya gabata na nemi abu biyu. Na farko shi ne a ba ma'aikatan dama su zagaya coci-coci a farkon hunturu, su nuna wa Zumuntar Mata da matasa yadda ake kashe wutar tukunyar gas, su kuma duba ƙofofin majami'u da wayoyin lantarki, domin cocinmu na cika maƙil ranar Kirsimeti, ga kyandirori, wasu ƙofofin kuma ciki suke buɗewa. Na biyu shi ne a ba ni wani firist matashi ya bi horon da na bi, saboda ana sauya wa firist wurin aiki a kowane lokaci. Bishop ya amince da duka biyun, sabon shugaban tashar kuma ya yarda bisa sharuɗɗan da wanda ya gada ya gindaya mini. Zagayen coci-cocin zai fara a watan Nuwamba, shi kuma matashin zai shiga horo tare da rukunin sababbin ma'aikata na gaba.